Kocin Guje-guje na Layinmu

Gidansa ne na uku daga namu a Tudun Wadar Zariya, in ka shigo layin daga bakin titi. Babu mai kiran sunansa a unguwar. Manya da yara Koci suke ce masa, har limamin masallacinmu in zai sa shi a addu'a Malam Koci yake cewa. Tun ina firamare nake ganinsa yana fita da sassafe a kan wani tsohon babur, sanye da riga da wandon wasanni masu ruwan toka, usur rataye a wuya, wani lokaci da bokitin farar ƙasa ɗaure a baya. Na dai san a kwaleji yake aiki, can wajen Kongo. Abin da yake yi a can ban san shi ba sai da na girma na shiga kwalejin.

Babana ya san shi tun suna samari, kuma daga bakinsa na ji farkon labarin. Koci ɗan cikin birni ne, daga gidan masu aikin babbar riga. Mahaifinsa ya so ya zauna a zaure ya riƙe allura kamar yayyensa, amma aka sa shi boko, ya wuce makarantar horon malamai, a can aka gano yana da gudu. Ya yi wa makarantarsa gudu, ya yi wa jiha, har aka kira shi sansanin horo a Ikko, inda ake zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa. Ya yi watanni a can ya dawo ba a ɗauke shi ba. Wasu sun ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi a makon tantancewa, wasu sun ce tsokar cinya ce ta ba shi matsala. Mahaifinsa, in ji Baba, bai tambaye shi komai ba, ya dai ce tunda ya gama yawo da gajeren wando sai ya nemi aiki ya yi aure. Ya yi duka biyun, sai dai aikin da ya samu ma na gajeren wandon ne.

Bayan na saba da shi na taɓa tambayarsa abin da ya faru a Ikko. Ya ce akwai waɗanda suka fi shi gudu. Ban sake tayar da maganar ba.

Lokacin da kwalejin ta ɗauke shi, abin da ake kira filin wasa fako ne mai ƙaya da suri, awakin ma'aikata na kiwo a ciki. Shi da ɗalibansa na farko suka sare, suka baje, suka kwashe duwatsu. Har na zo na same shi filin ƙasa ne da ciyawa. Duk farkon zangon karatu sai ya zo da igiya da turaku ya auna, ya bi da farar ƙasa ya fitar da layuka. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wanke su, washegari ya sake zanawa. A tsakiyar filin 'yan ƙwallo suke, da kocinsu mai tsawa da taron 'yan kallo. Mu 'yan guje-guje da tsalle-tsalle a gefe muke, ba mu da yawa, kuma ba mai tsayawa kallonmu sai wanda ya makara lacca ya ga ba amfanin shiga.

Ni ƙwallo na je nema, ba a ɗauke ni ba. Baba ya haɗu da Koci a masallaci ya ce masa ga ɗansa nan ya shigo kwaleji yana zaman banza da yamma. Haka na tsinci kaina a hannunsa. Ya gwada ni a gajeren gudu, ya gwada ni a dogon tsalle, ya ba ni ƙwallon dalma na jefa ta kusa faɗo mini a ƙafa. A ƙarshe ya ajiye ni a gudun mita ɗari takwas, wato zagayen fili biyu.

Ba ya ɗaga murya. Usur ɗin ma sai zai tashe mu yake busawa. Ba ya tsayawa a inda ake gama gudu kamar sauran masu horarwa da na gani daga baya. A kwana ta ƙarshe yake tsayawa, hannu a baya, yana kallon kafaɗu da ƙafafun mutane. In ka gama ka zube kana haki, sai ya tako a hankali ya ce ka tashi ka tattaka, sannan ya faɗa maka abu ɗaya, ka sassauta hannu, ko ka daina ɗaga haɓa. Kullum abu ɗaya ne. In ka gyara ba zai yaba ba, sai dai ya ba ka wani.

Bayan na yi zango guda, wata rana ya ɗauko ni a babur za mu gida. Mun baro Kongo ke nan ya ɗan juyo da kai ya ce:

"Kai dai ba za ka ci gasa ba. Gara in faɗa maka tun yanzu."

Na ce to, Malam.

"Amma yadda ka fara gudu haka kake gamawa, ba ka ƙarawa ba ka ragewa. Ba kowa ke da wannan ba. Ina da aikin da zan ba ka, in kana so."

Ban ji daɗi ba, amma ban yi mamaki ba, don na saba kallon ƙeyar mutane a filin nan. Na ce ina so.

Aikin kuwa wata yarinya ce da ta shigo kwalejin a shekarar. 'Yar Tudun Wada ce ita ma, daga ɓangaren da ke kusa da coci. Mahaifinta malamin makaranta ne, ya rasu tana ƙarama. Mahaifiyarta nas ce a wani asibiti, kowa Sista yake ce mata. Yarinyar siririya ce, doguwa, ba ta da yawan magana, tana cikin mawaƙan cocinsu. A gasar sababbin ɗalibai Koci ya gan ta. Ta gama gudunta ta tsaya tana jiran sauran 'yan matan kamar mai jiran mota. Da yammar ranar ya sa babbar riga ya je gidansu ya yi sallama da Sista. Ta amince bisa sharaɗi biyu: ba atisaye ranar Lahadi, kuma karatu ne gaba da komai. Ya ce shi ma ba ya fita fili ranar Juma'a, ke nan sun yi daidai.

Matsalar ita ce babu macen da ke iya bin ta, kuma mai gudu shi kaɗai ba ya ƙaruwa. Mazan da suka fi ta gudu sun fi ta da nisa. Ni ne nake gabanta kaɗan. Saboda haka aikina shi ne in shiga gaba in riƙe gudu iri ɗaya, ita kuma ta manne a bayana. An hana ni waiwaye, an kuma hana ni ƙara wuta in na ji ta matso.

Labari ya kai unguwa. A teburin mai shayi abokaina suka sa mini zakaran gudun mata. Innata ba ta so abin ba, ta ce me ya haɗa ni da tsere da 'yar mutane a gaban jama'a. Baba ya ce Koci ba yaro ba ne, da akwai wani abu a ciki da bai fara ba. Maganar ta mutu a nan. Gaskiya ni da yarinyar ba mu cika magana ba, gaisuwa ce da safe, sai sannu in an tashi. Na fi sanin numfashinta a kan muryarta. Daga yadda take haki a bayana nakan gane ko ta samu barci, ko mura na shirin kama ta.

Da azumi ya zo Koci ya rage wa Musulmin cikinmu atisaye, ya mayar da shi 'yar sassarfa bayan la'asar. Ita kuwa ba ta da dalilin hutawa. Sai ya hau babur ɗinsa ya shiga layi, yana tafiya a hankali tana bin sa, shi da azumi a baki, hayaƙi na tashi. 'Yan ƙwallo suka dakata da wasa suna dariya, bai kula su ba. Bayan Sallah ya ce mini babur ɗin bai kai ni iya riƙe gudu ba. Ban tuna ya taɓa yabona fiye da haka ba.

A shekararta ta biyu, cikin damina, ta wuce ni. Mun shiga kwana ta ƙarshe na ji numfashin ya bar bayana ya dawo gefen kunnena, sai ga ta a gabana. Na yi iya yina ban kamo ta ba. Mako na gaba Koci ya sake sa mu, ta sake wucewa, wannan karon tun kafin kwanar. Ya gwada haɗa ta da wani da ya fi ni gudu, amma shi da ya ji ta matso sai ya zura a guje don kada a ce mace ta kamo shi, atisayen ya lalace. Aka dawo da ni, ina ja mata zagayen farko in fita gefe, ta ƙarasa ita kaɗai.

A wannan shekarar duk gasar kwalejoji da muka je sai ta ci. A motar makaranta muke tafiya, Koci a kujerar gaba rungume da jakar takalman gudu masu ƙusa, waɗanda ake karɓa-karɓa don ba su isa kowa ba. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen, wani daga cikin masu gudun miƙa sanda ya kwanta da ciwon ciki a safiyar gasa. Jami'in da ya rako mu ya kawo shawara a ɗauko wani saurayi ɗan gari da ya san yana da gudu a sa masa rigarmu, tunda kowa ma haka yake yi. Koci ya ce shi ɗalibai ya kawo. Ya juyo ya ce in ɗaura takalmi. Na karɓi sanda muna na biyu, na miƙa ta muna na ƙarshe. A hanyar dawowa ba wanda ya yi mini magana a motar. Koci ya sa aka tsaya ya sayi rake ya raba wa kowa, ya miƙo mini nawa kamar sauran.

Nasarar yarinyar ta sa shugabannin kwalejin da ba su taɓa taka filinmu ba suka fara zuwa ana ɗaukar su hoto da ita da kofi. Aka ɗinka wa 'yan guje-guje sababbin riguna. Har aka fara maganar za a gyara filin.

Ana cikin haka Koci ya yanke shawarar tura ta kudu. Akwai wani da suka zauna sansani tare a Ikko, shi ma ya zama koci a can, yana da fili na roba da 'yan mata masu wakiltar ƙasa. Suka yi magana, ya yarda zai karɓe ta. Shugabannin ba su so ba. An kira Koci ofis fiye da sau ɗaya, aka nuna masa cewa yarinyar ce ke fito da sunan makarantar, ya bari ta gama tukuna. Ya ce in aka jira lokacinta zai wuce.

Ita ma ba ta so ba. Ranar da ya faɗa mata ina wurin, muna zaune a ciyawa muna kwance takalma bayan atisaye. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce:

"Sa, korata kake yi?"

"Abin da na sani na koya miki, ya ƙare," in ji shi. "A nan ba ki da wanda za ki bi. In kin zauna ni zan ji daɗi, makaranta za ta ji daɗi, ke kuwa inda kike nan za ki tsaya."

"Ni ban ce ina son wuce nan ba."

"Na sani. Shi ya sa ni nake faɗa."

Ta ɗauki takalmanta ta tafi ba sallama, ba ta kuma sake zuwa fili ba. Koci ya yi ta zarya gidan Sista. Abin da ya tsaya wa Sista a rai karatun ne, shi kuma ya ba ta tabbacin abokin nasa zai nema wa yarinyar makaranta a can ta ci gaba. A kan haka ta yarda, ta kuma shawo kan 'yarta. Ranar tafiya ya raka su tashar Kwangila. Sista ta faɗa wa innata daga baya cewa har motar ta tashi yarinyar ba ta dubi inda yake ba.

Ni ma daga nan gudun nawa ya ƙare. Na ci gaba da zuwa fili har na gama kwaleji, amma ba ni da wani aiki a ciki. Na samu koyarwa a sakandare, na yi aure, na kama haya a layin da ke bayan namu. Maganar gyaran fili ta bi ruwa. Koci bai taɓa zama shugaban sashen wasanni ba, ko da yake ya girmi duk waɗanda aka yi ta naɗawa. Mutane sun ce tura yarinyar ne ya jawo masa. Ban sani ba. Mai yiwuwa ne kuma don ba mutum ne mai son zaman ofis da taro ba.

Ta yi suna na 'yan shekaru, ta wakilci ƙasa. Mun taɓa kallon ta a talabijin a falon Koci, maƙwabta cike da ɗaki, Hajiyarsa na leƙowa daga ƙofa. Ba ta shiga ukun farko ba, amma ta kusa. Da aka gama ɗan jarida ya tambaye ta wanda ya horar da ita. Ta ambaci kocin kudu ta gode masa, ba ta ambaci Zariya ba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce wannan butulci ne. Koci ya ce gudun da muka gani yanzu ai wancan ne ya koya mata. Ya ce mu duba yadda ta daina jefa ƙafar hagu waje, abin da shi ya yi ta fama bai iya gyarawa ba. Sai ya ce wa Hajiya a kawo wa baƙi ruwa.

Ya ci gaba da aikinsa shekara da shekaru. Bai sake samun kamarta ba, amma ya fitar da mutane da yawa. Wasu gudu ya kai su aikin soja, wasu 'yan sanda, wasu kwastan, da yawa kuma malaman wasanni ne a makarantun ƙauyuka. Da Sallah sukan zo gaishe shi, wasu da kaki wasu da tumbi, su zauna a tabarma a ƙofar gidansa. Yakan mance sunan mutum, amma ba ya mance abin da yake yi ba daidai ba a fili. 'Ya'yansa kuwa ba wanda ya yi gudu, bai kuma matsa wa kowa ba. Hajiya ta taɓa ce wa innata ita ba ta taɓa ganin filin nan da idonta ba, abin da ta sani dai wankin kayan da farar ƙasa ta ɓata.

Daga baya ɗalibai suka yi yawa, ajujuwa suka yi kaɗan, aka gina babban ɗakin lacca a gefen gabas na filin, ginin ya cinye kwana ɗaya. Na ɗauka zai yi rigima. Ya dai zo da igiyarsa da turakunsa ya sake aunawa, ya fitar da ƙaramin zagaye, ya lissafa inda kowane gudu zai fara. Masu zuwa fili suka yi ta raguwa. Ya ce mini yaran yanzu ba ragwaye ba ne, sun dai duba inda gudu ya kai na gabansu sun yi wa kansu lissafi. Akwai zangon da 'yan wasansa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ya kuma fita dominsu kullum kamar yadda ya saba.

Da lokacin ritayarsa ya yi aka shirya ɗan biki a wannan ɗakin laccar. Aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango da shadda. Da aka miƙa masa makirfo ya gode wa kowa, ya roƙi a riƙa cire ciyawar ramin dogon tsalle kafin damina ta yi nisa, don macizai na shiga. Ya koma ya zauna. Ba a ɗauki wani a gurbinsa ba, kocin ƙwallo aka ce ya haɗa duka.

Bayan ritayar da 'yan shekaru Sista ta rasu. Lokacin gwiwoyin Koci sun fara ba shi wahala har ya daina hawa babur, don haka ni na kai shi gaisuwa a motata. An kafa rumfa a ƙofar gidan, matan coci cikin anko suna waƙa a hankali. Aka shigar da mu falo. 'Yar Sista na zaune a ƙasa cikin 'yan'uwa, ta yi jiki, da yara biyu a gefenta. Rabona da ita ido da ido tun kafin tafiyarta kudu. Da ta ga Koci ta taso ta durƙusa ta gaishe shi. Ya yi mata gaisuwar rashi, ya ce Sista mutuniyar kirki ce, Allah ya ba su haƙuri. Ta dube ni ta yi ɗan murmushi ta ce ashe ina nan.

Da mutane suka ragu ta ba mu labari ba tare da an tambaye ta ba. Shekararta ta farko a kudu kullum ita ce ta ƙarshe a atisaye, abincinsu bai karɓe ta ba, ta yi kuka har ta gaji. Daga baya ta kamo su. Makarantar da aka ce za a nema mata an nema, amma tafiye-tafiyen gasa ba su bar ta ta zauna aji ba, har ta haƙura. Sai agararta ta tsinke ana tsakiyar atisaye. Aka yi mata aiki ta warke, amma gudu ya ƙare. Duk inda ta je neman aiki takarda ake tambaya, ita kuma ba ta da ita. Yanzu tana da shagon kayan yara a garin mijinta, kuma ba laifi, suna rufa wa kansu asiri.

Sannan ta juya wajen Koci ta ce:

"Sa, da ka bari na gama karatuna. Shekara ɗaya ta rage mini."

Koci ya dube ta.

"Na yi wa mahaifiyarki alkawari a kan wannan," ya ce. "Ƙafarki na duba, ban duba sauran ba. Wannan kam laifina ne."

"Ban ce laifi ba ne. Na ga ƙasashe, na yi abin da ban taɓa zato ba. Ina dai faɗa maka ne, tunda Mama ba ta taɓa yarda ta faɗa maka ba."

Ya ce ya ji. Ya tambaye ta ko ƙafar na damunta da sanyi, ta ce wani lokaci. Ya kwatanta mata yadda za ta riƙa miƙe ta a bakin matakala da safe. Ta rako mu har mota, ta sa yaran suka gaishe shi. A hanya da muka kusa layinmu, ya ce in tsaya wajen mai lemo zai saya wa Hajiya.

Ban san yadda maganar ta zauna masa ba. Hajiya ta faɗa wa matata cewa ya yi kwanaki ba ya cin abinci sosai. Daga baya wani tsohon ɗalibinsa ya kawo masa 'yarsa mai gudu yana neman shawarar inda zai kai ta. Koci ya faɗa masa wurin, ya kuma ce amma ya bari ta gama makaranta tukuna. Mutumin ya yi godiya, ya tafi ya kai ta a wannan watan.

Aikinsa na ƙarshe ba shi ya nema ba. Wani Alhaji mai shagon taya a bakin titi likita ya ce masa jininsa ya hau da yawa, sai ya riƙa tafiyar ƙafa. Ya ji kunyar yawo a titi shi kaɗai kamar wanda ya yar da wani abu, sai ya roƙi Koci ya raka shi filin firamaren unguwa bayan sallar asuba. Kafin a jima sun zama ƙungiya, 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata da wani fasto mai ritaya, kowa da nasa, suga ko hawan jini ko ciwon baya. Koci ba ya iya zagayen da su. Kujerar roba ake kawo masa ya zauna a gindin darbejiya, suna wucewa ta gabansa cikin jallabiya yana gyara musu, wannan ya ɗaga kai, wancan ya daina jan ƙafa. Ya hana silifas, ya sa kowa ya nemi kambas a gwanjo. Mutane masu jikoki, wasu da yaran shago a ƙarƙashinsu, sai dai ka ji suna cewa to, Koci. Ni ma da nawa sugan ya bayyana na shiga cikinsu, ni ne ƙaraminsu.

Bara gwiwoyin suka ƙi gaba ɗaya, Hajiya ma ƙarfi ya ragu, babban ɗansu ya kwashe su zuwa gidansa a Kwangila. An ba da gidansa na layinmu haya. Masu zagayen sun ragu, amma ba a daina ba. Nakan je gaishe shi in na samu sarari. Yawanci a baranda nake samunsa da rediyo a gefe, hankalinsa garau. Zuwana na ƙarshe ya tambayi waɗanda ke fitowa har yanzu, na lissafa masa. Na gaya masa faston ya koma wajen 'yarsa a Kaduna, Alhaji mai taya kuma likita ya rage masa magani. Ya ce madalla. Ya ce in faɗa wa Alhajin ya daina amsa waya yana tafiya, in ciniki zai yi ya tsaya ya gama sannan ya ci gaba. Washegari na isar da saƙon. Alhaji ya ce ya ji, ya sa wayar a aljihu, muka ci gaba da zagaye.